Kyandir Na Bakwai

"Shekara ɗaya kawai nake roƙo, Hazel."

"Bara ma abin da ka ce ke nan."

"Bara daban."

"Me ya bambanta? Bara ƙafarka biyu lafiya, ba ka je ka faɗa mata ba. Bana ɗaya ta karye, ka samu hujja."

Fintan ya sauke kai. Yana zaune a kicin, ƙafarsa ta hagu miƙe a kan wata kujera, cikin farin ɗori daga gwiwa har idon sawu. Mako uku ke nan da ya faɗo daga kan katakon gini, wajen gyaran tsohuwar ganuwar Kilkenny.

Hazel na tsaye. Ko rigar ruwanta ba ta cire ba.

"Philomena ta binne 'yarta," ya ce a hankali. "Yaran nan su kaɗai suka rage mata daga Aileen. In na je na ce mata zan auri..."

"Ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba.

"Zan auri 'yar Furotesta. Faɗi, ba zagi ba ne. Sunana ma ya riga ka sanar da ita. Yaushe ka taɓa jin 'yar Katolika mai suna Hazel Deverell?"

"Zuciyata, ki saurare ni..."

"Kar ka kira ni haka a kicin, in ba za ka iya kira na haka a gaban surukarka ba."



"Yayata ta samo min aiki a Perth, can wata uwa duniya," ta ce. "Kantin magani, irin wanda nake yi a nan. Talata suke son amsa. Ni kuma kafin Lahadin Ista nake son taka. In ba ka faɗa wa Philomena ba, zan tafi, Fintan. Ba barazana ba ce. Na gaji da shigowa ta ƙofar baya."

Kafin ya buɗe baki aka danna hon a waje, sau biyu. Daga kan matakalar bene kuma muryar Nessa ta sauko.

"Ni ba zan shiga mota ba."

Shekararta bakwai. Tana zaune rungume da gwiwoyinta, ƙaninta Lorcan mai shekara huɗu yana gefenta, ya sa takalminsa a juye.

A gidan su Philomena, Alhamis ta ƙarshe kafin Ista, ana zaga coci bakwai a ƙafa. A kunna kyandir a kowanne, a gama kafin ƙararrawar ƙarfe shida. Uwar Philomena ta yi, Philomena ta yi har gwiwoyinta suka ƙi, Aileen, matar Fintan, ta yi da cikin Lorcan. Shekara uku da rasuwarta, Fintan ke kai yaran, kuma kyandir bakwai ɗin nan duk nata ne.

Bana ga ƙafa a ɗaure.

Imelda ta turo ƙofa ba sallama, makullin mota na lilo a yatsanta. Ƙanwar Aileen ce. Tun bayan jana'iza take kawo miya, take goge rigunan Fintan, kuma duk layin sun san abin da take jira. Fintan ne kaɗai ya zaɓi kada ya sani.

"Au, ashe da baƙuwa," ta ce, ba ta kalli Hazel ba. "Nessa, Lorcan, ku taso. Awa ɗaya mun gama, mu wuce wajen Kaka shan shayi."

"Mama ta ce na mota ba ya ƙirguwa," in ji Nessa.

"Mama ba ta nan, 'yar lele. Ni kuma da wannan takalmin ba zan taka garin nan cikin ruwa ba."

"Ni zan kai su," in ji Hazel.



Imelda ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ke? Kin taɓa durƙusawa a cocinmu kuwa? Wallahi uku ba za ki yi ba. Wannan ƙaramin kaɗai ya ishe ki."

"Sai ki rubuta min sunayensu."

"Hazel," Fintan ya ce, "ba dole..."

"Ba don kai zan yi ba."

Imelda ta dube ta na ɗan lokaci. Sai ta yago takarda daga jikin kalanda, ta jera sunaye bakwai, ta miƙa mata da murmushi.

"Ga shi. Fintan kuma ni zan kai shi gidan Mama, ya jira ku a can. Allah ya ba da sa'a."

Hazel ta durƙusa ta juya wa Lorcan takalminsa. Ƙarfe ɗaya da rabi suka fita.

Na farko yana wannan gefen kogi, kusa da gida. A bakin ƙofa Nessa ta riƙe mata hannu.

"Tsaya. Sai kin taɓa ruwan nan tukuna."

Hazel ta tsoma yatsu a kwanon dutse na ruwan tsarki.

"Ba wanka aka ce ki yi ba, kaɗan kawai. Goshi, ƙirji, nan, sannan nan. A'a, hagu ake fara yi."

"To, malama."

"Kuma in mun zo tsakiya sai ki sauke gwiwa ɗaya. Ɗaya fa."

Ta sauke. Gwiwar ta yi ƙara, Lorcan ya ƙyalƙyale da dariya har wani tsoho ya waiwayo. Nessa ta kunna kyandir da hannu biyu, harshenta a waje. Ta ce, "Na Mama." Lorcan ya ce, "Na Mama," sannan ya cika kumatu zai hure shi. Da ƙyar Hazel ta riga shi da tafin hannunta.

"Ba ranar haihuwa ba ce, ɗan gari."

A kan gada ya ƙi tafiya. Ya cusa fuska tsakanin ƙarafa yana ƙirga agwagi a kogin Nore, in ya kai biyar sai ya koma ɗaya. Bayan agwagin sai ya nuna tsohon gidan sarautar da ke kan gaɓa.

"Wa ke ciki?"

"Ba kowa yanzu. 'Yan kallo."

"Dodo fa?"

"Ya tafi hutu."

"Ina?"

"Perth," in ji Nessa, idonta a kan ruwa.

Hazel ta ji abin ya soke ta.  Ta ɗauki Lorcan ta saɓa a kafaɗa, suka hau gari.

Na biyu da nisa, can bayan gari ta kudu. Yayyafi ya sake farawa tun kafin su isa. A hanyar dawowa Lorcan ya ce fitsari, ya ce yanzu yanzu, suka faɗa wani gidan shayi da gudu. Da suka fito ya ga alawa a tagar kanti ya kafe.

"Mun bar alawa sai Ista," Nessa ta tuna masa. "Saura kwana uku."

"Ni ban bari ba. Ke kika bari min."

Hazel ta sayi soyayyen dankali a takarda, suka raɓe cikin wani siririn lungu mai rufin dutse suna ci da hannu. Nessa ta tsuguna ta shafa dutsen matakala, baƙi ƙirin, ruwa ya sa yana sheƙi.

"Kin ga wannan farin? Katantanwa ce. Baba ya ce da can duk garin nan ƙarƙashin teku yake."

"Babanki ya san dutse."

"Ya ce dutse ba ya son gaggawa."

"Na lura," in ji Hazel.

Daga nan Lorcan ya ce shi ma sai ya nemi tasa katantanwar. Kowace matakala sai an tsaya. Hazel ta duba agogo: uku da kwata, kyandir biyu kacal.

A coci na uku, na limaman nan masu riga ruwan ƙasa, wata tsohuwa mai gyale ta bar carbinta ta bi su da ido tun daga ƙofa. Da Hazel ta zo wucewa ta kamo mata hannun riga.

"Ke ba 'yar gidan Deverell ba ce? 'Yar mai buga ƙararrawa a kan tudu?"

"Ni ce."

"Ikon Allah. Kuma waɗannan jikokin Philomena Tynan ne."

"Su ne."

"Ta sani?"

"Kafin mu fita layin nan za ta sani, na tabbata."

Tsohuwar ta saki rigar.

Hazel ta fito fuskarta na zafi. A garin nan aka haife ta. Kullum sai ta wuce ƙofofin nan a hanyar aiki, ba ta taɓa sanin kalar cikinsu ba sai yau.

Na huɗu shi ne babban cocin Katolika, mai sanyi kamar rijiya. Lorcan ya taka kududdufi a bakin ƙofa, safarsa ta jiƙe sharkaf, ya fara kuka mai sauti. Hazel ta zaunar da shi a benci na baya, ta cire safar, ta naɗe ƙafar da gyalen wuyanta, ta mayar cikin takalmin da ƙarfi. Ya yi shiru yana kallon ƙafarsa.

"Irin ta Baba," ya ce.

Nessa ta kunna nata ta dawo ta zauna. Ba ta jingina da Hazel ba, amma ba ta yi nisa ba.

"Na ji ku ɗazu."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

"Perth ta fi Dublin nisa?"

"Ta fi."

"Anti Imelda ta ce wa Kaka in kin shigo gidanmu za ki cire hoton Mama. Kuma za ki kai mu cocinku, mu daina zuwa namu."

Hazel ta runtse ido.

"Ke kuma me kika ce?"

"Ba a tambaye ni ba."

"To ni na tambaye ki."

Nessa ta daɗe tana wasa da maɓallin rigarta.

"Na manta muryarta," ta ce. "Fuskar ina gani a hoto. Muryar ce babu. In na yi bakwai ɗin daidai, ina jin kamar... kamar ta san ban manta da gangan ba."

Hazel ba ta rungume ta ba. Ta san yarinyar ba ta so. Ta dai miƙe, ta ɗaure wa yarinyar maɓallin riga har wuya.

"Saura uku. Tashi mu je."

Na biyar tsohon coci ne ƙwarai, wanda ake kira Baƙin Zaure. A harabarsa akwai akwatunan gawa na dutse a jere, babu murfi. Kafin Hazel ta ankara Lorcan ya shige ɗaya ya miƙe, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Na mutu. Ku tafi ku bar ni."

"Fito, ko in kira agwagin nan su zo su cinye ka."

"Ƙafata ta gaji."

"Tawa ma."

"Taki babba ce."

Ta goya shi. Ta kama ƙafafunsa biyu a gaba, kansa a wuyanta, numfashinsa mai warin dankali. A ciki, hasken babbar tagar nan mai launi ya zuba a ƙasa ja da shuɗi, Nessa ta tsaya a tsakiyarsa tana juya tafin hannu. Hazel ta ba ta minti ɗaya cif, sannan ta ce su tafi.

Na shida suka yi shi a tsaye. Lorcan ya yi barci a bayanta, nauyinsa ya ninku. Diddigenta na dama ya saɓule, tana jin danshin jini a safa. Biyar da minti ashirin.

Ta buɗe takardar Imelda. Ruwa ya jiƙa ta amma na ƙarshe yana karantuwa: ɗakin addu'a na sistoci, matan nan da suka ba da rayuwarsu ga coci.

"Na san wajen," in ji Nessa. "Bara Sista ta ba mu biskit."

Ta yi gaba da gudu. Hazel ta bi ta tana ɗingishi.

Da ta sha kwana ta same ta tsaye ƙiƙam.

Ƙofar ƙarfe a rufe, sarƙa ta zagaye ta sau biyu, kwaɗo ya fara tsatsa. Ciyawa ta tsiro a tsakanin duwatsun hanya. A jikin bango an kafa allon masu sayar da gidaje.

Nessa ta kama ƙarfen ta jijjiga.

"Sista," ta kira. "Sista, mu ne."

Babu ko kyanwa.

Wani mutum mai kare ya tsaya. Ya ce ai tun Nuwamba aka kwashe sistoci ukun da suka rage, an kai su gidan tsofaffi. Hazel ta tambaye shi wani cocin Katolika mafi kusa wanda ba su je ba. Ya ce sai dai na sabuwar unguwa, can ƙarshen gari. A ƙafa, da yara? Ya dube su. Ya ce minti arba'in, in sun yi sauri.

Biyar da minti talatin da biyar.

Nessa ba ta yi kuka ba. Ta zauna a gefen titi cikin ruwan, ta sa kai a gwiwa.

Hazel ta ɗaga ido.

Ga shi nan a kan tudu, ko minti biyar ba za a yi ba. Tsohon cocin dutse na Furotesta da doguwar hasumiyarsa zagayayya, wanda ake hangowa daga ko'ina a garin. A nan aka yi mata baftisma. A nan ubanta ke jan igiyar ƙararrawa shekara talatin. Ta san ƙaramar ƙofar gefe a buɗe take yanzu, ana shirin addu'ar yamma. Ta san inda teburin kyandir yake.

Ta kuma san in ta haye da su, ta yi daidai abin da Imelda ta ce za ta yi.

"Nessa, tashi."

Suka je har gindin matakalar dutsen da ke hawa tudun. A nan Hazel ta tsaya. Ta gyara goyon, ta zaro waya da hannu ɗaya. Lambar gidan Philomena tana cikinta tun lokacin da Lorcan ya yi zazzaɓi, ba ta taɓa kira ba.

Imelda ce ta ɗauka.

"Har kun gaji? In zo da mota?"

"Ba ni mahaifiyarki."

"Tana hutawa."

"Ba ni ita, Imelda, ko in zo ƙofar in buga."

Aka yi ƙus ƙus. Sai wata murya busasshiya.

"Wa ke nan?"

"Misis Tynan, Hazel Deverell ce. Mun yi shida. Muna wajen sistoci, a kulle yake."

"Wa ya aike ku can? Kowa ya san an rufe."

"Haka aka rubuta min."

"Wa ya rubuta?"

Hazel ba ta amsa ba. A can ma aka yi shiru, shiru mai tsawo, irin na uwa da ta juya ta kalli 'yarta.

"Saura minti ashirin," in ji Hazel. "Sabuwar unguwa ba za mu kai ba. Ina gindin matakala, ƙasan namu cocin. Akwai kyandir a ciki. Amma jikokinki ne, kuma kyandirin 'yarki ne. In kin ce a'a, ba zan taka ko ɗaya ba, zan kawo miki su yanzu."

"In na ce a'a, yarinyar fa?"

"Tana nan tana jin mu."



"Ku tsaya a nan," in ji Philomena, ta kashe.

Gidan Philomena yana layin da ke ƙasan tudun, gida na tara. Hazel ta sauke Lorcan, ya farka yana mutsuttsuka ido. Nessa ta riƙe gefen rigarta, wannan karon da kanta.

Shida saura kwata.

Shida saura minti goma sha biyu, suka ɓullo ta kwana. Philomena a gaba, gajeriya, da baƙar riga da sanda, ko hula ba ta tsaya ɗauka ba. Bayanta Fintan, yana tsalle a kan sandunan asibiti, an ɗaure ɗorin da ledar burodi saboda ruwa. Imelda ba ta biyo su ba.

Philomena ta tsaya tana haki. Ta dubi Nessa, jiƙe har gashi. Ta dubi ƙafar Lorcan da gyale ya leƙo daga takalmin. Ta dubi diddigen Hazel.

"A ƙafa kuka yi duka?"

"Duka, Kaka," in ji Nessa. "Lorcan an goya shi daga Baƙin Zaure."

"Goyo ya halatta."

Sannan ta ɗaga kai ta kalli matakalar.

"Shekara saba'in da huɗu ina kwana ƙarƙashin hasumiyar nan," ta ce, kamar da kanta take. "Ban taɓa shiga ba. Da maƙwabciyarmu 'yar Furotesta ta rasu, matar da ta karɓi haihuwar ƙannena biyu, mun raka ta har bakin ƙofar can. Sai muka tsaya a waje, mu duka layin, cikin ruwa irin wannan. Haka aka koya mana. Uwata tana kuka a bakin ƙofa, ba ta shiga ba."



"Nawa ne matakan?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba," in ji Hazel.

"To ba ni hannunki. Ba wannan ba, wancan. Kai kuma gurgu, ka zo a bayanmu, in ka faɗi kar ka faɗo kaina."

Suka hau. Mataki ɗaya, hutu ɗaya. Yatsun tsohuwar sun nutse a damtsen Hazel. Nessa ta yi gaba ta dawo, ta yi gaba ta dawo. Lorcan yana ƙirga matakan, in ya kai biyar sai ya koma ɗaya.

A ƙaramar ƙofar gefe Philomena ta tsaya. Hannunta ya miƙa gefen bango da kansa yana neman kwanon ruwa. Babu.

"Ba ku da ruwa?"

"Ba mu da shi."

"Gwiwa fa?"

"Ba dole."

"Wannan kam ya yi min," in ji Philomena, ta sa ƙafa.

Ciki da duhu duhu, da ƙamshin tsohon dutse. Jaruman da aka sassaƙa da dutse suna kwance a kan kaburburansu, karnuka a ƙafafunsu. Wata mata mai jera littattafai ta gane Hazel, ta buɗe baki, ta ga waɗanda ke tare da ita, ta rufe.

Hazel ta kai su teburin. Nessa ta ɗauki kyandir, lagwanin ya ƙi kamawa. Sau biyu. Philomena ta jingine sandarta, ta ɗora hannunta a kan na yarinyar.

Ya kama.

"Na Mama," in ji Nessa.

"Na Mama," in ji Lorcan.

Leɓen Philomena ya motsa, sauti bai fito ba.

Daga can ƙasan gari ƙararrawar shida ta fara.

Suka tsaya har ta gama. Hazel ta ja da baya, ta bar musu wajen. Ta juya za ta fita sai ta ci karo da Fintan a bakin ƙofa. Yanzu ya iso. Gumi ya haɗu da ruwa a fuskarsa, ledar ta yage.

"Matsa," ta ce a hankali. "Na yi abin da na zo yi."

"Tsaya."

"Fintan, ba a nan ba."

"A nan." Ya ɗaga murya, ta bugi rufin dutsen ta dawo. "Philomena."

Tsohuwar ta waiwayo.

"Na daɗe ina ɓoye miki. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ina son Hazel. Shekara biyu ke nan. Zan aure ta, in har yanzu tana so. Aileen ba za ta bar bangon gidana ba, yaran nan ba za su bar ƙofarki ba. Amma ko kin yarda ko ba ki yarda ba, ba zan bar ta ta tafi ba."

Ya juyo, ya kusa faɗuwa, Hazel ta tare shi da kafaɗa.

"Zuciyata," ya ce, a gaban kowa. "Kar ki amsa musu ranar Talata. Ko ki amsa, ki ce a'a."

Hawayen da ta riƙe tun a kicin suka ƙwace mata.

"Sai da na saɓule diddige sannan bakinka ya buɗe?"

"Ni dama a hankali nake."

"Na sani. 'Yarka ta faɗa min."

"To... kin yarda?"

Ta kalli Nessa. Yarinyar ta gyaɗa kai sau ɗaya, kamar mai ba da izinin tsallaka titi.

"Na yarda," in ji Hazel.

Philomena ta ɗauki sandarta. Ta tako a hankali har gabansu.

"Ɓoyewa, ka ce. Kai yanzu a tunaninka ban sani ba? Motarta ja ce, Fintan. Layinku kuma gida goma sha biyu ne."

"To me ya sa ba ki..."

"Ina jira in ga ko kana da baki." Ta juya ga Hazel. Fuskarta ba ta saki ba. "Ba zan ce miki na ji daɗi ba. Ƙarya zan yi, kuma a ɗakin Allah muke, ko na wane ne. Wajen 'yata za ki zauna. Zai yi min ciwo duk ranar da na gan ki a kicin ɗin nan."

"Na sani, Misis Tynan."

"Amma kin kira ni. Kina iya hayewa da su ki bar ni in ji a bakin mutane. Kin kira." Ta gyara wuyan rigarta. "Imelda kuma ki bar min ita. Ku zo mu tafi, shayi ya huce, a sa wa ƙafar nan magani kafin ta ruɓe."

Suka fito harabar. Ruwa ya ɗauke. Gari duk yana ƙasa, rufin gidaje jiƙe, hasumiyoyi nan da can. Lorcan ya miƙa hannu a goya shi, Hazel ta duƙa ba musu. Nessa ta karɓi sandar ubanta ɗaya wai za ta taimaka, ya roƙe ta ta maido masa.

A bakin matakala Philomena ta tsaya. Ta dubi cocin da suka fito, ta dubi wanda ke can ƙasa, sannan ta dube su su biyun, ɗaya bayan ɗaya.

"To," ta ce, "a wanne za a ɗaura auren?"